Miyau mai kauri bayan gashin daji: a tsinka shi, kada a busar da shi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Argungu nake rubutowa. Mahaifina shekararsa 63, an yi masa gashin ciwon daji na maƙogwaro, wato ƙona ƙwayoyin dajin da hasken na'ura, a Sakkwato, yau sati biyar da gamawa. Tun ana tsakiyar gashin miyau ya yi masa yawa, ga kauri ga yauƙi kamar miyar kuɓewa. Yini yake yana tofarwa, da dare ba ya samun barci, da safe kuma har amai yake yi. Wani mai kemis ya ce mana akwai maganin da ke tsayar da miyau. Mu saya? Ko dai ciwon ne ya dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan jinya.

Kada ku sayi maganin nan. Zan fara da dalili, domin in kin gane shi, sauran duk za su zo miki da sauƙi.

Abin da kike gani kamar yawan miyau, a gaskiya ƙarancinsa ne. Mutum mai lafiya yana samar da miyau tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a yini, yana haɗiye shi bai ma sani ba. Manyan ma'ajiyoyi guda shida ne ke yin mafi yawansa, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe, sai ƙanana ɗaruruwa da ke warwatse a leɓe da kumatu da ganɗa. Ba iri ɗaya suke zubarwa ba. Na gaban kunne tsinkakken ruwa yake bayarwa, na ƙarƙashin harshe da ƙananan nan kuwa mai yauƙi suke bayarwa, na muƙamuƙi ya haɗa biyun. A baki suke gauraya su zama miyau da muka sani. To, ƙwayoyin da ke yin tsinkakken ruwan su ne suka fi saurin jigata da zafin gashi. Tun a sati na farko ko na biyu sukan fara ja da baya, alhali gashin irin na Baba yakan ɗauki sati shida zuwa bakwai, zama 30 zuwa 35. Masu yauƙin sun fi juriya, sai su ci gaba da aikinsu. Kamar a dama kunu ne a hana shi ruwa. Garin bai ƙaru ba, ruwan ne babu.

Sai abu na biyu ya hau kai. Gashi yana saɓule fatar cikin baki da maƙogwaro, wurin ya kumbura, ya yi ta fitar da majina don kare kansa, haɗiya kuma ta zama azaba. Wanda haɗiya ke yi wa zafi yakan daina haɗiyar miyau ba da saninsa ba. Abin da da can yake wucewa ciki sau ɗaruruwa a yini, yanzu sai ya taru a baki da bayan harshe. Shi ya sa kike ganin gwangwani yana cika.

Magungunan tsayar da miyau an yi su ne don wanda miyansa tsinkakke ne yana dalala, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda aka yi wa aiki a leɓe ko muƙamuƙi. Aikinsu su rage ruwan da ake zubowa. In aka ba Baba, ɗan ruwan da ya rage za su ɗauke, yauƙin ya koma kamar danƙo, ya manne a maƙogwaro, ya yi ɓawon da ko kaki ba ya fitar da shi. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo cikin dare yana haki, kwana uku da fara ba shi irin wannan magani da kyakkyawar niyya. Da muka leƙa, busasshen miyau ne ya yi masa faifai a bayan harshe, sai da muka jiƙa muka ciro da ƙarfe. Tun ranar ba na wasa da wannan magana.

Ki ma duba ledar magungunansa a yau. Piriton, Buscopan, yawancin magungunan mura da na tari da ke sa barci, tramadol da danginsa, da magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari, duk suna busar da baki. Wanda kuka saya da kanku ku ajiye shi. Wanda likita ya rubuta kada ku tsayar, ku dai kai ledar gaba ɗaya asibiti a duba ko akwai wanda za a canza.

Aikin da ke gabanku kala biyu ne: mayar wa miyan ruwansa, da fitar da wanda ya taru cikin sauƙi.

Ruwan sha shi ne kan gaba, kuma a nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa, domin mai jin zafin haɗiya yana gudun ruwa. Ku sa masa ido ya sha lita biyu zuwa uku a yini, wato ledar fiya wata huɗu zuwa shida, har da abin da ya sha a kunu da romo da shayi. Ba a kai masa kofi cike a ce ya shanye. Kurɓi-kurɓi ne, duk bayan 'yan mintuna, gora tana gefensa ko'ina ya zauna. Launin fitsari zai gaya miki gaskiya: in ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba. A bazarar Kabi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi kaɗai yana kwashe abin da ya sha, sai an ƙara. Amma in Baba yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, likitansa ne zai yanka masa adadi. In kuma ruwa yana ƙware shi, ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai kurkurar baki, wadda ita ce maganin da na fi yarda da shi, ga araha. Ki tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya da bekin soda cokalin shayi ɗaya, ki kaɗa. Bekin sodar tana warware yauƙin, tana kuma kashe tsamin da ke taruwa a busasshen baki. Ya guntsa, ya wasa shi a baki sosai, ya ɗaga kai ya yi gargaza in zai iya, ya tofar. Da ya farka, kafin cin abinci, bayan ci, kafin kwanciya, da kowane awa biyu a tsakani. Da ɗan ɗuminsa ya fi aiki. Kullum a haɗa sabo. In gishirin yana yi masa raɗaɗi a rage shi ko a bar sodar kaɗai.

A nan sai an kula, domin na ga an yi kuskure iri biyu. Bekin soda daban, bekin fauda ta yin kek daban, ki nemi wadda aka rubuta bicarbonate of soda a jikinta wajen masu kayan fulawa ko a kemis. Kuskure na biyu shi ne kanwa. Mutane sukan ce ai duk ɗaya ne. Dangi ne, amma kanwa ta fi kaifi, ƙarfinta ba ya da ma'auni, tana kuma zuwa da ƙasa da datti. Bakin da gashi ya saɓule ba zai ɗauke ta ba. Haka ruwan wanke baki na kanti mai yaji-yaji, yawancinsa akwai sinadarin barasa a ciki, ƙara bushewa yake yi.

Wanda ya manne a ganɗa ko harshe, ki wanke hannu, ki naɗe yatsa da bandeji mai tsabta ko farin ƙyalle mai laushi, ki tsoma a ruwan sodar, ki sharo shi a hankali daga ciki zuwa waje. Kada a kankare da farce ko tsinke. Ki kuma lallashe shi ya rage kakarin nan mai ƙarfi da yake yi, yana ƙara kumbura maƙogwaro ne, majinar ta ƙaru. Ya fara kurkurewa tukuna, ya jira kaɗan, sannan ya yi tari ɗaya mai kyau.

Surace yana taimakawa ƙwarai, musamman da asuba da kafin barci. Ruwan zafi zalla a roba mai faɗi, a ajiye a kan abin da ba zai kife ba, ya shaƙi tururin minti goma, wani yana kusa. Ban da Robb, ban da ganye, ban da turare. Kada kuma ya kusantar da wuyansa, domin fatar da aka gasa ba ta jin zafi yadda ya kamata, tana iya ƙonewa bai ankara ba. In da hali, na'urar nebulaiza, irin wadda masu asma ke amfani da ita, ta fi surace: a zuba ruwan nomal salin kaɗai, wato ruwan gishirin nan na asibiti, ya shaƙa sau uku ko huɗu a yini. Ku tambayi likitansa ya nuna muku yadda ake yi da yadda ake wanke ta.

Hunturu babban abokin gaba ne ga mai irin wannan lalura. Iskar da ke tsaga leɓen mai lafiya, ki ƙiyasta abin da za ta yi wa bakin da ba ruwa. A yayyafa ruwa a ɗakinsa, a rataya jiƙaƙƙen zane kusa da gado, kada fanka ta riƙa bugun fuskarsa kai tsaye, a nisanta shi da hayaƙin murhu da na maganin sauro. In zai fita ya sa takunkumi ko ya ja amawali ya rufe baki da hanci. Dattawanmu da suka saba da rawani sun riga mu sanin amfanin wannan.

Daren da kika ce ba ya barci, dalilinsa kwanciya a miƙe ce, miyan yana gangarawa ya taru a maƙogwaro. Ku ɗaga masa daga ƙugu zuwa kai da filo biyu ko uku, ko a sa wani abu a ƙarƙashin katifa ta wajen kai, ya ɗan karkata gefe. Ruwan kurkura, ƙyalle da mazubin tofi mai murfi su kwana a inda hannunsa zai kai. Aman safe kuma yawanci ba daga ciki yake ba, abin da ya taru cikin dare ne ke taɓo maƙogwaro ya tayar da zuciya. Kada a tare shi da koko da ya buɗe ido. Surace, kurkura, fitar da abin da ya taru, hutun rabin awa, sannan karin kumallo. In duk da haka aman bai tsaya ba, akwai maganinsa a asibiti. Wasu gidajen sukan kai ga sayen ƙaramar na'urar zuƙe majina. Tana da amfani ga wanda ba ya da ƙarfin tofarwa, amma sai ma'aikaciyar jinya ta koya muku, kuma iyakarta cikin baki.

Bari in tsaya a kan abinci, domin a nan na fi jin tsoro. Mai wannan hali yana ramewa a hankali ba a lura ba, kuma jikin da ba ya samun abinci ba ya warkar da ƙunar gashi. Za ki ji ana cewa a hana shi nono da madara wai suna ƙara majina. Ba sa ƙara ta. Abin da suke yi shi ne su gauraya da miyan, baki ya ji kamar ya ƙara kauri na ɗan lokaci. Ni ba na hana marasa lafiyata fura da nono, ina cewa a dama ta da ruwa-ruwa, a tace, a cire yaji, ya sha, ya bi da ruwa, ya kurkure. Nonon ya zama dafaffe, mara tsami sosai. Kunun gyaɗa, ƙwai mai laushi, romon kifi, wanda Argungu ba ta rasa shi, a tsince ƙaya tsaf, alalen da ya ji mai, tuwo mai laushi da miya ta rufe shi. Miyar kuɓewa da ta kuka da ayoyo suna taimaka wa loma ta zame, kodayake wasu in suna fama da yauƙi ko ganinta ba sa so, kada a tilasta. A zuba ɗan man shanu ko man gyaɗa a abincinsa don ƙarfi. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano cike sau uku. Busassun abubuwa irin su burodi, ƙuli-ƙuli, kilishi da gasasshiyar masara a dakata da su. Barkono da citta mai yawa, su ma haka. Goro yana ƙara bushewa, sigari da taba kuwa babu zancensu har abada, don suna cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan ciwo kuma suna taimaka masa ya dawo.

Ana yawan ba da shawarar abarba da gwanda, domin suna da sinadarin da ke narkar da yauƙi. Wasu suna jin daɗinsu. Gwanda nunanniya ba ta da matsala. Abarba da lemun tsami da tsamiya kuwa, in akwai gyambo a baki azaba ce, kuma tsaminsu na cin haƙori, a bari sai bakin ya warke. Cingam mara sukari yana zaburar da ma'ajiyoyin da suka tsira, in zai iya taunawa.

Ku auna nauyinsa kowane sati a sikeli ɗaya, ku rubuta. Mai kilo 60 in ya zubar da kilo 3 a wata guda, magana ta wuce gida. In likita ya kawo zancen sa masa robar abinci ta hanci na ɗan lokaci, kada ku ɗauka alamar ƙarshe ce. Na ga mutane da yawa da ita ce ta tsallakar da su, aka cire, suka koma cin tuwo. Ko da robar, ya ci gaba da haɗiyar ɗan abin da likita ya yarje masa kullum, domin naman haɗiya in aka bar shi ba aiki yakan sandare. Haka buɗe baki: ya riƙa wangale shi a hankali sau da yawa a yini, gashi yana sa muƙamuƙi ya riƙe.

Akwai magungunan da ke tsinka majina, kamar wanda za ki ga an rubuta carbocisteine a kwalinsa, likita zai iya gwada masa in ba shi da olsa mai tashi. Ki yi hattara da ruwan maganin tari da aka ce yana tsinka majina, da yawansu an haɗa su da mai busarwa a kwalba ɗaya. Akwai kuma pilocarpine, mai tilasta wa ragowar ma'ajiyoyin su zubo ruwa. Yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, yana sa gumi sosai, wanda a zafinmu abin lura ne, kuma bai dace da mai asma ko wani nau'in hawan jinin ido ko wasu masu ciwon zuciya ba. Duk waɗannan da takardar likita ake shan su.

Ki haska bakinsa da tocilan yau. In kin ga fari-fari kamar guntayen kindirmo a harshe ko kumatu, ko wurin ya yi ja sosai yana raɗaɗi, ko gefen baki ya tsage, wataƙila fangas, wato wata ƙwayar cuta dangin fumfuna, ne ya samu wuri. Yana yawan kama busasshen baki, yana ƙara kaurin miyau da zafin haɗiya, kuma maganinsa yana aiki cikin kwanaki. Sau da yawa shi kaɗai ake magancewa mutum ya ji kamar an sauke masa kaya.

Haƙora kuma, miyau ne mai gadinsu, yanzu mai gadin ya raunana. Ruɓewa takan zo da sauri bayan gashi. Buroshi mai laushi irin na yara, man goge baki mai fuloraid, safe da dare, ya tofar kada ya ɗauraye da ruwa nan take. Asuwaki in zai yi, sai wanda aka tauna ya yi laushi ƙwarai. Abin da nake roƙonki ki gaya wa duk 'yan gida: kada kowa ya cire wa Baba haƙori, ko bayan shekaru ne, sai likitan haƙorin ya san an yi masa gashi ya kuma tuntuɓi masu gashin. Ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi jininsa ya ragu, ramin haƙori yana iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu.

Kin tambaya ko ciwon ne ya dawo. Miyau mai kauri sati biyar bayan gashi abu ne da muke tsammani, shi kaɗai ba ya nuna haka. Yakan fi tsananta a ƙarshen gashin da makonnin da ke biye, sannan yauƙin ya fara sassautawa cikin wata biyu zuwa uku ga mafi yawan mutane. Bushewar baki ta fi daɗewa. Ma'ajiyoyin suna iya ci gaba da farfaɗowa har shekara ɗaya zuwa biyu, gwargwadon zafin da ya same su, wasu kuma ba sa komawa kamar da. Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa gorar ruwa ta zama abokiyar tafiyarsa. Amma wannan tofe-tofen na yini da dare ba a kansa ake dawwama ba.

Abin da ba a jira da shi ranar asibiti: numfashi mai ƙara ko wahala, zazzaɓi, jini a miyau fiye da ɗan ɗigo, kasa shan ruwa yini guda, fitsari ya ɗauke. Sai maganar ƙwarewa da na ce zan dawo kanta. In yana tari duk lokacin da ya sha ko ya ci, ko muryarsa ta koma kamar mai magana a cikin ruwa, to abu yana bi ta hanyar iska zuwa huhu, kuma ƙarshensa nimoniya. Ku tafi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, da takardun gashinsa a hannu, ba sai kun jira komawa Sakkwato ba. Sabon ƙulli a wuya, gyambon da ya wuce sati uku bai warke ba, wari mai ƙarfi, ciwon kunne ɓari ɗaya da ya ƙi tafiya, waɗannan kuma a gaya wa likitan dajinsa cikin satin.

Ba ki ce an huda masa wuya ba. In akwai hudar numfashi, ƙa'idar ta fi tsanani: iska tana shiga ba ta bi ta hanci ta jiƙe ba, majina tana iya bushewa ta toshe robar. A rufe hudar da ƙyalle mai ɗan danshi, a riƙa wanke ƙaramar robar da ake zurawa cikin babbar robar hudar yadda aka koya muku, in numfashi ya yi wuya ita za a fara cirowa a duba.

Akwai abin da ba ki rubuta ba amma na san yana nan. Dattijon da ya saba zama a majalisa da sahun gaba a masallaci, yanzu yana jin kunyar tofi a gaban mutane, sai ya kulle kansa a ɗaki. Ku gaya wa jikoki da maƙwabta cewa miyan nan ba ya yaɗa daji, gashin da aka yi masa da na'ura daga waje kuma bai bar komai a jikinsa da zai cutar da wani ba. A ci abinci tare da shi. A tanadar masa hankici da yawa da ƙaramar roba mai murfi da za ta shiga aljihu, ya kurkure kafin ya fita. Azumi kuwa, a halin da yake ciki yini ba ruwa zai iya kai shi gadon asibiti. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, ku haɗa bayanin likita da na malaminsa don zuciyarsa ta natsu.

Ranar da za ku koma asibiti, ki tafi da ledar magungunan duka, da takardar da kika rubuta nauyinsa na kowane sati, da adadin ruwan da yake sha a yini, da sau nawa yake farkawa da dare. Ki roƙi a leƙa maƙogwaron a kuma gwada haɗiyarsa a gabanki. Allah ya ƙara sauƙi, ki gaishe min da Baba.